Yadda Ake Shirya Unguwar Bakin Teku Don Girgizar Ƙasa da Tsunami

Duk wanda yake zaune a Jidda, Rabig, Yanbu, Kunfuda ko Jizan, garuruwan Saudiyya na bakin Bahar Maliya, ya saba da teku har ya daina ganinsa. Muna kai iyali Kornish, wurin shan iska na bakin teku, daren Juma'a, muna sayen kifi a kasuwar Bangala, wasunmu ma a tashar jiragen ruwa suke neman abinci. Amma ka tambayi mutum goma a layinku inda za su nufa in ƙasa ta girgiza da ƙarfi yau da tsakar dare, da ƙyar ka samu guda da zai ba ka amsa. Aikina kula da lafiyar ma'aikata ne a wuraren gini da rumbunan kaya na bakin ruwa, kuma abin da muke koya wa ma'aikata shi nake kwasowa in kai wa mutanen unguwa. Ga yadda ake yi, domin kai da kake son farawa a taku unguwar.

Dattawa za su tambaye ka ko abin yana faruwa a nan, don haka ka riƙe amsa. Bahar Maliya kanta tsagewa ce a ɓawon ƙasa: yankin Larabawa yana janyewa daga Afirka kimanin santimita 1 a shekara, shi ya sa ƙasan tekun ba ya rabuwa da ƙananan girgiza. A 1921 girgiza ta rusa tashar Masawa a Eritriya. Ranar 22 ga Nuwamban 1995 wata mai ƙarfin maki 7.2 ta auku a mashigin Aƙaba, ta yi ɓarna a Nuwaiba ta Masar da Haƙal ta nan Saudiyya, teku ma ya ɗan motsa. A Mayun 2009 hukuma ta kwashe kimanin mutum 40,000 daga Al-Is, can cikin tudu daga Yanbu, bayan dubban girgiza da suka bar tsaga mai tsawon kilomita 8 a ƙasa.

Ka gaya musu gaskiya: haɗarin babbar tsunami, wato igiyar ruwan teku da girgiza ko zaftarewar ƙasa take turowa ta mamaye gaɓa, a nan bai kai na Japan ko Indunusiya ba. Matsalarmu ta daban ce, tekun ƙunci gare shi. Tsakanin Jidda da Bur Sudan, da ke ɗaya tsallaken tekun, kimanin kilomita 300 ne. A 2004 igiyar da ta taso daga Sumatra ta ɗauki wajen awa 7 kafin ta isa Hafun a Somaliya. Wadda za ta taso daga tsakiyar Bahar Maliya, ko girgiza ce ta haifar da ita ko zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin ruwa, ba za ta cika awa guda ba, tunda a zurfin mita 1,000 igiyar tana gudun kusan kilomita 350 a awa. Saboda haka duk shirin da zan bayyana a kan abu ɗaya ya ginu: girgizar ita ce gargaɗin. Wanda ya tsaya jiran jiniya ko saƙon waya ya ɓata mintunan da ba shi da su.

Kayan aiki

Na kwamitin unguwa: taswirar unguwa a babbar takarda (ka buɗe Google Maps ka buga, in babu firinta ka zana da hannu a bayan kwali), maka kala uku, littafi mai bango mai tauri, agogo, usur guda biyar zuwa goma, lasifikar hannu mai batir, tocila, akwatin taimakon farko, safar hannu ta aiki, shebur, guduma, dogon ƙarfen ɓanɓara da jak ɗin mota. A samo keken guragu ko da guda ɗaya ne. In bai samu ba, kujerar roba mai ƙarfi da bargo mai kauri suna ɗaukar mutum idan maza huɗu suka kama.

Na kowane gida: jaka ɗaya ta goyo wadda mace za ta iya saɓawa tana riƙe da yaro. A ciki a sa ruwa, dabino, biskit, maganin da wani a gidan yake sha kullum na aƙalla mako guda, tocila, fawa banki, usur, 'yan riyal na takarda, mayafi ko abaya, da hoton fasfo da iƙama (katin izinin zama) da takardun haihuwa a cikin leda mai ɗaurewa. Kada a dogara da manhajojin gwamnati na waya, Absher ko Tawakkalna, kaɗai, ranar da intanet ya ɗauke takarda ce za ta yi magana. Ruwan ajiya na gida kuwa lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana 3, kuma da zafin watan Yuli ka ninka. Shi wannan ba a gudu da shi, a jaka lita ɗaya ko biyu ta isa.

Mataki na 1: Fara da manya, ka bi ta ƙofa

Nan ba gida ba ne da za ka sa mai shela ya zaga ka tara jama'a a fili. Taro ba izini yana iya jawo maka abin da ba ka nema ba. Fara da limamin masallacinku da dattijon da mutanenmu suke jin maganarsa, sannan ku je wurin umda, wato mai unguwa, ku yi masa bayani. In unguwarku tana da markazi, wato cibiyar al'ummar unguwa, nan ne ya fi dacewa a zauna, kuma ta hannunsu ake gayyato jami'an Difa'ul Madani (hukumar kashe gobara da ceto) ko na Hilal Ahmar (masu motar asibiti) su koyar da kashe gobara da taimakon farko. Kada ka shafa fenti a bango ko ka kafa allo a titi sai baladiyya, wato hukumar gari, ta amince.

Za ka haɗu da mai cewa, "Malam, ai kwana in ya ƙare ya ƙare." Kada ka yi musu da shi, gaskiya ya faɗa. Ka tuna masa hadisin mutumin da aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ka bar liman ya ƙarasa. Ka kuma roƙi liman ya bayyana wa jama'a hukuncin yanke salla don ceton rai, domin tambaya ce da take fitowa a kusan kowane zama.

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai ko takwas, kuma dole a sa mata. Da ƙarfe goma na safe maza duk suna wurin aiki, unguwa tana hannun mata da tsofaffi da ƙananan yara. Kwamitin maza zalla shiri ne na dare da ranar Juma'a kawai. Nemi Hajiyar da mata suke taruwa a gidanta don adashi ko karatu, ita za ta isar da saƙo inda ƙafarka ba ta zuwa. Ka jawo haris, wato maigadi, na kowace imara (ginin bene mai gidaje da yawa), ka jawo mai bakala, wato shagon unguwa. Kada kuma a mayar da abin na Hausawa kaɗai, maƙwabcinka ɗan Yaman ko ɗan Bangaladash matakala ɗaya za ku bi.

Mataki na 2: Ƙirga mutane

Ku bi ƙofa-ƙofa da littafin nan, mace ta shiga wurin mata. Abu huɗu ake rubutawa: lambar ƙofa, yawan mutane da rana, yawansu da dare, da wanda ba zai iya sauka matakala shi kaɗai ba. Tsoho, mai juna biyu, mai jego, makaho, kurma, mai wankin ƙoda, mai shanyewar ɓarin jiki. A gaban sunan kowane irin wannan a rubuta maƙwabta biyu da suka ɗauki alkawarin zuwa kansa, ɗaya na rana ɗaya na dare, kuma su kasance a gini ɗaya da shi ko na kusa. Ɗan da yake aiki a Abhur, can arewacin Jidda, ba zai ceci mahaifiyarsa da ke kudancin gari ba, komai sonsa da ita.

Kuskuren da yake kashe wannan mataki shi ne tambayar takardu. Da zarar ka ce "kawo iƙama" an rufe maka ƙofofi, kuma waɗanda suka fi rauni su ne za su ɓuya. Ba hurumin kwamiti ba ne. Wanda bai so a rubuta sunansa ba, a rubuta "mutum uku, ɗaya tsohuwa" a wuce. Littafin ya zauna hannun amintattu biyu, kada a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp.

Ka lura da gidajen da ake kulle ƙofa ta waje idan maigida ya fita, da tagogi masu ƙarfen tsaro da ba sa buɗewa. Ka yi maganar da maigida cikin mutunci, amma ka yi ta. Mabuɗi ya zama yana rataye ta ciki, inda kowa ya sani.

Mataki na 3: Nemo mafaka da hanyar zuwa

Nan ne aikin yake, kuma nan nake so ka fi daɗewa.

Ƙa'idar da aka saba bayarwa a duniya ita ce a hau tudu mai tsawon mita 30 sama da teku, ko a yi nisan kilomita 3 daga gaɓa. Buɗe Google Earth ka ɗora alama a kan layinku, zai nuna maka tsawon wurin. Kada ka yarda da ma'aunin tsawo na waya shi kaɗai, yana iya kuskuren mita goma ko fiye. A taswira ka shafa ja ga duk abin da ke kusa da ruwa da ƙasa-ƙasa, rawaya ga tsaka-tsaki, kore ga inda aka tsira.

Sai ka fita ka taka da ƙafarka, riƙe da agogo. Ba da saurinka ba. Ka ɗauki Baba mai sanda ko mace mai goyo ku tafi tare, lokacinsu shi ne lokacin unguwa. Abin da ake nema a isa cikin minti 15 zuwa 20. A nan ne za ka gane halin da muke ciki: gaɓar nan tamu da ake kira Tihama shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsun Jidda suna can gabas bayan titin Haramain, tsoho kuwa a minti 20 ko kilomita ɗaya ba lallai ya cika ba. Saboda haka ga yawancin unguwannin bakin ruwa mafita ita ce hawa sama: hawa na huɗu ko fiye, ko rufin ginin kankare mai ƙarfi.

Ba kowace doguwar imara ce mafaka ba. Ka zaga ta ka duba ginshiƙanta na ƙasa. Iskar teku da gishirin ƙasa suna cin rodi, in ya yi tsatsa sai ya kumbura ya fasa kankaren da ke kansa. Za ka ga dogon tsagu yana bin ginshiƙi daga sama zuwa ƙasa, da jan ruwa-ruwa yana zubowa, wani wurin ma ka sa yatsa ka ɓantaro siminti ka ga ƙarfen yana ɓarewa. Irin wannan ka cire ta daga lissafi. Ka yi hattara da ginin da aka bar ƙasansa fili don ajiye motoci a kan siraran ginshiƙai, da wanda aka ƙara wa hawa daga baya ba lasisi, da tsofaffin gine-ginen dutsen murjani irin na Balad, tsohon garin Jidda. Sabon gini da aka yi bisa ƙa'idar gini ta Saudiyya ya fi kwantar da hankali. In akwai injiniya a cikin jama'arku ko wanda kuka sani, ku roƙe shi ya zaga da ku. In babu, ku zaɓi gini uku maimakon ɗaya, ta yadda in ɗaya ya tsage bayan girgiza a wuce na gaba.

Ka lura da ƙasar da ginin yake kai. Wuraren da aka cike teku aka yi gini, da fadamun gishiri inda ruwa yake kusa, girgiza mai ƙarfi tana iya mayar da ƙasarsu kamar kunu, gini ya nutse ko ya karkace. Haka ta faru a Palu ta Indunusiya ranar 28 ga Satumban 2018, inda unguwannin Petobo da Balaroa suka nutse, igiyar ruwa kuma ta iso cikin 'yan mintuna.

Bayan ka zaɓi gini, hau matakalarsa har ƙarshe. Sau da yawa za ka tarar da ƙofar rufi a garƙame da kwaɗo, mabuɗin yana aljihun haris, haris kuma ya tafi wankin mota a wani layi. Ku zauna da mai ginin a nemi yardarsa, a yanka mabuɗi biyu a ba mazauna hawan ƙarshe. Tsofaffin katifu da kekunan yara da aka jibge a matakala a kwashe su.

Hanya kuma guda biyu za ka fitar daga kowane layi. Ka guji lungu mai ƙunci da tsofaffin katangu, ƙarƙashin gada, gefen tiransifoma, da gidan mai. Gargaɗin da ya fi muhimmanci ga mutanen Jidda shi ne kada a haɗa wannan taswira da ta ambaliyar ruwan sama. Ruwan 25 ga Nuwamban 2009, wanda ya kashe sama da mutum 120 ya kuma ɗaiɗaita unguwar Kuwaiza, daga duwatsun gabas ya gangaro ta kwaruruka. Tsunami daga yamma take zuwa. Wanda aka koya wa "ka gudu gabas" kawai, ranar ruwan sama zai iya kai kansa bakin kura. Abin da ya haɗa su biyun shi ne magudanar ruwa da hanyar ƙarƙashin ƙasa: ruwan sama yana sauka ta cikinsu, ruwan teku yana hawa ta cikinsu, don haka kada hanyarka ta bi su ko ta tsallaka su in da yadda za a yi.

Mataki na 4: Ɗaure kayan gida

A girgiza matsakaiciya ba rushewar gini ce take yawan raunata mutane ba, kayan ɗaki ne da gilashi. Ka samu mai injin huda bango a unguwa ku ware Asabar ɗaya ku bi gidaje.

Kabad da durowa masu tsayi a kafe su da bango da ƙarfe mai kusurwa. Kwalla da tangaran da jeren kwanukan da ke saman kabad a sauko da su ƙasa. Gado kada ya kasance ƙarƙashin taga, madubi ko mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki). Tukunyar gas a tsayar da ita a ɗaure da sarƙa ko igiya mai ƙarfi, a canza tiyon in ya bushe ya fara tsattsagewa, kuma kowa a gidan har yarinya 'yar shekara goma ta san yadda ake rufe kanta da inda babban makunnin lantarki yake. Tankin ruwan zafi na banɗaki, wanda yake rataye da ƙugiya biyu saman kan mai wanka, a ƙara masa ɗamara ta ƙarfe. Mukayyif na taga a duba abin da ya riƙe shi ta waje. A rufi a duba tanki da dish.

In gidan haya ne mai gida ya hana huda bango, sai a juya tsarin ɗakin: abu mai nauyi ya koma ƙasa, dogon kabad ya bar kusa da ƙofa da wurin kwana. Takalmi mai rufi da tocila su kwana ƙarƙashin gado, saboda fasasshen gilashi a duhu.

Mataki na 5: Koyar da abin yi

Kada ka cika mutane da bayani. Abu biyu ne, a maimaita su har su zauna.

Na farko, lokacin da ƙasa take motsi: durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ko ka raɓe jikin bangon ciki ka kare kai da wuya, ka riƙe har ta tsaya. Gidajenmu da yawa zaman ƙasa ake yi, ba tebur, to matashin majalisa ya isa a ɗora a ka. Wanda yake kan gado ya zauna a nan ya rufe kai da filo. Uwa ta rungume jariri a ƙirji ta duƙa a kansa. Ba a gudu waje ana cikin girgiza, domin bakin gini ne inda mukayyif da gilashi da tubalin baranda suke faɗowa. Ba a tsayawa a bakin ƙofa, ba a shiga lif. Mai tuƙi ya gangara gefe nesa da gada da turakun wuta. A masallaci a duƙa a kare kai, in ta lafa a fita sahu-sahu, turmutsutsun neman takalmi a ƙofa yana iya yin ɓarnar da girgizar ba ta yi ba.

Na biyu, alamun tsunami. In girgiza ta yi ƙarfin da tsayuwa ta gagara, ko ta daɗe kamar minti guda ko da ba ta da ƙarfi, da ta tsaya a ɗauki jaka a tafi. Haka in teku ya janye ya bar duwatsu da kifi a fili, ko ya cika ya tumbatsa farat ɗaya, ko aka ji ruri daga wajensa. A Jidda hawa da saukar teku na kullum kaɗan ne ƙwarai, don haka janyewa mai nisa ba abin tsayawa kallo ko ɗaukar bidiyo ba ne. Kuma ba kullum yake janyewa ba, wani lokaci ruwan ne kawai zai iso. A Disamban 2018 ɓarin dutsen Anak Krakatau ya zaftare cikin teku da dare, igiya ta kashe sama da mutum 400 ba tare da an ji wata girgiza ba.

A tafi da ƙafa. Kowa ya san yadda titin Madina na Jidda yake cushewa a ranar da babu komai, balle ranar da kowa ya fito lokaci ɗaya. A Japan a 2011 ruwa ya riski mutane da yawa a cikin motoci a cunkoso. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babba, na 30 yana ɗaga ƙaramar mota. A bar mota ga wanda ba ya iya tafiya sam.

Masunta da masu aikin jirgin ruwa nasu daban ne. Wanda yake tasha ya bar jirgin ya hau tudu, kada ya ce zai fitar da shi. Wanda yake cikin teku kada ya dawo gaɓa, ya nufi inda zurfi ya wuce mita 100 ya saurari Harasul Hudud, masu gadin iyaka da gaɓar teku, lambarsu 994.

Mataki na 6: Alkawarin iyali

Wannan shi ne mafi wuya a zuciya. Kowa ya tsira daga inda yake, kada a koma neman juna. Uba kada ya taso daga wurin aiki ya nufi gida ta bakin ruwa, uwa kada ta nufi makaranta. A Kamaishi ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, kusan dukkan ɗalibai wajen 3,000 na firamare da ƙaramar sakandare sun tsira, saboda an koya musu su gudu tudu da kansu ba jiran kowa, manya suna jan hannun ƙanana. Wannan ba ya yiwuwa sai kowa ya amince ɗan'uwansa ma ya san hanya. Don haka ku je makarantar yaranku ku tambayi shirinsu, ku sa wurin haɗuwa ɗaya da kowa ya haddace, ku zaɓi ɗan'uwa ɗaya a Makka, Ɗa'if ko ma Kano wanda kowa zai tura wa gajeren saƙo. Saƙon rubutu yana wucewa lokacin da kira ya gagara. Lambarsa a rubuta a takarda a sa a jakar makarantar kowane yaro, tare da 911 ta kiran gaggawa, da 998 ta Difa'ul Madani, da 997 ta motar asibiti.

Ku sa kakanni su riƙa ba jikoki labarin. A tsibirin Simeulue, kusa da inda girgizar 2004 ta taso, mutum 7 kacal suka rasu cikin sama da 70,000, domin tun bala'in 1907 suke gadar wa 'ya'yansu magana ɗaya: in ƙasa ta girgiza teku ya janye, a hau dutse. A bala'in na 2004 sama da mutum 220,000 suka rasu a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya.

Mataki na 7: Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau biyu a shekara a gwada, ɗaya da rana lokacin da maza ba sa nan, ɗaya bayan isha'i. Ranar 5 ga Nuwamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 don wayar da kai kan tsunami, lokaci ne mai kyau, zafi ya fara sauka kuma neman izini ya fi sauƙi. A sanar da kowa tun da wuri, har waɗanda ba sa ciki, kada busar usur ta tayar da hankalin masu hawan jini. A busa, kowa ya durƙusa minti guda, a ɗauki jaka, a tafi, mutum ɗaya yana riƙe da agogo a mafaka, wani yana kiran ƙofofi daga littafi.

In izinin gwajin gaba ɗaya bai samu ba, gida biyu ko uku su fita tare bayan la'asar su taka hanyar, mako mai zuwa wasu su yi. Tattaki ba ya buƙatar takarda. Bayan kowane gwaji a zauna a tambayi wanda ya zo ƙarshe me ya tsayar da shi, a gyara wannan abu ɗaya kafin na gaba.

Mataki na 8: Bayan an tsira

Tsunami ba igiya ɗaya ba ce, kuma ta farko ba lallai ita ce babba ba. Suna iya ci gaba da zuwa awanni. Ba mai sauka don ɗauko zinare ko fasfo ko duba shago sai Difa'ul Madani ta ce a sauka. Labarin girgiza kuma daga Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya ake ɗaukarsa, wadda hedikwatarta take nan Jidda. Duk saƙon murya da ya ce wata girgiza za ta zo ƙarfe kaza ƙarya ne, babu mai iya faɗin rana ko sa'a, kuma yaɗa jita-jita laifi ne a ƙasar nan. Ƙananan girgiza dai za su biyo baya, a sa rai da su.

Wanda gini ya danne ya rufe hanci da baki da tufa, ya riƙa buga bututu ko ya busa usur, ihu yana ƙarar da ƙarfi yana cika huhu da ƙura. Masu ceto su riƙa yin tsit lokaci-lokaci su saurara. Mai zubar jini a danne wurin da tsumma mai tsabta. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko baya kada a ja shi sai in barinsa ya fi haɗari.

Da aka ba da izinin komawa, babba ɗaya ya fara shiga da tocila. In ya ji warin gas kada ya taɓa makunni ko ashana, ya buɗe tagogi ya fita. Ginshiƙin da ya tsage a gicciye ko rodinsa ya fito, ba a kwana a ginin sai injiniya ya gani. Lantarkin da ruwa ya taɓa ba a kunna shi sai mai gyara ya duba. Tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa kuwa, in ruwan teku ya hau layin, ka ɗauka ya gauraya da na masai: a zuƙe shi, a wanke da sinadarin kulorin, sannan a kira motar ruwa. Kafin nan a sha na roba, abincin da ruwan ya taɓa kuma a zubar.

Littafin ƙirga a sabunta shi duk wata shida, ko duk lokacin da aka yi ƙaura mai yawa irin wadda ta biyo bayan rushe tsofaffin unguwannin Jidda a 2022. A rana ɗaya a buɗe jakunkuna a canza ruwa da magani da batir, a kuma gwada mabuɗan rufi a ga ko mai gini bai canza kwaɗo ba.